Ruwan Sabon Gida

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida yara da duk wanda ya tambaye ni. Da fatan ciwon ƙugun nan ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai gajiyar ƙaura da har yau ba ta sake ni ba. Tunda wayarki ta yi wanka a baho kika rantse ba za ki sayi wata ba, ga ni na koma takarda. Direban motar kaya ya ce zai riƙa kai mana.

Auta ta iso lafiya. Yaya, yarinyar nan ta girma! Rabona da ita tun tana rarrafe tana lasar sabulunki, yanzu ta kai kafaɗata. Da kaina na kai ta makaranta, sun karɓe ta a ajin ƙarshe, sun ce in ta dage za ta zauna jarrabawar ƙarshen shekara tare da sauran. Na ɗinka mata fararen rigunan makaranta, ta saka, na tsaya ina ta kallonta har ta ji kunya. Kin san maza Allah ya ba ni, duk sun girma sun watse, ban taɓa zama na yi wa 'yata kitso ba. Ranar farko da na kama kanta, ta ce, "Anti, kin ja da yawa." Na warware na sake.

Kar ki sa komai a ranki. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, masu cewa zumuncin ya yi nisa su suka san da wannan. Yadda take a wurinki haka take a wurina.

Gidan da aikin maigida ya kawo mu ba laifi. Ɗaki biyu da falo, na kafa kekena a baranda, har na fara samun masu kawo ɗinki. Ga famfo har cikin banɗaki, daga burtsatsen mai gidan ake turowa, ba layi ba jiran mai ruwa. Abu ɗaya ke ba ni haushi, butar shayi. Sabuwa fil na saya, kafin ki ce me cikinta ya yi fari kamar an shafa alli. Na mayar wa mai shago, muka yi ta cacar baki har ya canza mini wata, ita ma ga ta nan ta fara. Kayan yanzu ba su da ƙarko.

Ki riƙa hutawa, wanki ba ya ƙarewa.

Ƙanwarki, Tela

*

Ƙanwata Tela,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidan. Ƙugu yana nan yadda kika san shi, kullum sai mun yi faɗa da shi a bakin baho. Yara suna gaishe ki.

Auta ta zo hutun tsakiyar zango, gobe za ta koma, ita za ta miƙa miki wannan takarda da ƙullin da ke tare da ita. Karatu kam na ga ya shiga. Ta karanta mini takardar maganina ba gargada, ashe tuntuni a karkace nake shan shi. Allah ya saka miki.

Amma akwai magana, kuma kin san ni ban iya zagaye-zagaye ba. Ni mai wanki ce, da wuyan rigar mutane na ciyar da yaran nan tun rasuwar babansu. In aka kawo mini kaya, kafin in jiƙa na san gidan da ake kula da mutum da gidan da kowa ke ta kansa. Na buɗe jakar Auta gabana ya faɗi. Farar riga ta koma ruwan toka, wuyanta ya sandare kamar kwali, tawul ɗinta kuwa in kika goga wa mutum sai ya ɗauka faɗa ne. Na jiƙa su a nan, wanki ɗaya suka fara dawowa hayyacinsu. Na zo tsefe mata kai, rabin gashin a mataji ya tsaya. Hannu da ƙafa furu-furu, duk sawun susa. Na tambaye ta, ta ce ba komai, Anti tana da kirki. Ni na haife ta, na san ko wuta aka sa mata ba ta iya kai ƙara ba.

Ban ce kin yi wani abu ba. Na san ɗinki ba ya barin mutum ya ɗaga kai. Ga sabulu nan irin wanda nake aiki da shi, ki ba ta nata a hannunta, kar ta riƙa jin nauyin tambaya. Yarinya mace ba kamar maza ba ce, sai da sa ido.

Yayarki

*

Yaya,

Na gaishe ki. Lafiyarmu ƙalau, in ban da zuciyata da ta ƙi zama wuri ɗaya tun da na kwance ƙullinki.

Sabulu, Yaya? Ni kika aiko wa sabulu? Na karanta takardar na sake karantawa, ina neman inda kika yi wasa ban gane ba, ban samu ba. "Ki ba ta nata a hannunta." Wato a gidana sabulu a kulle yake, sai yarinya ta roƙa. "Mace ba kamar maza ba ce." Wato ni da na raini maza ban san yadda ake riƙe mutum ba. Na ajiye takardar na koma kan keke, na ɗinke wa wata mata hannun riga a baibai, sai farkewa na yi.

To bari ki ji. Auta ba ta taɓa wanke rigar makaranta a gidan nan ba, ni nake wankewa don ta samu lokacin karatu. Tun da saƙonki ya zo na ninka. Ina goga sabulunki har yatsuna su yi zafi, kumfa ba ta tashi, sai wani farin datti da ke yawo a saman ruwa yana manne wa baho. In ƙara sabulu, in ƙara dirza. Rigar ta bushe ta fi da tauri. Na fara zargin yadin, alhali ni na zaɓe shi, kuma ban taɓa zaɓen yadi ya ba ni kunya ba. Wanka kuwa na sa ta safe da yamma, da soso, ina tsaye a bakin ƙofa ina cewa ta ƙara sabulu. Susar sai gaba take yi. Na kai ta asibiti, suka ce bushewar fata ce, suka ba mu man shafawa. In ta shafa ya lafa, in ta yi wanka ya dawo.

Ni ma hannuwana sun tsattsage, na ɗauka aiki ne. Dutsen gugana mai tururi ya fara tofar da wani farin gari, ya ɓata mini baƙar rigar wata mata, ta tsaya a barandata ta wanke ni tas da baki. Komai na gidan nan ya juya mini baya, na rasa ta ina zan kama. Ina zaune sai in tashi in je in sake duba igiyar shanya, kamar rigar za ta canza ra'ayi.

Malamarsu ta ce Auta tana cikin na gaba-gaba. Don Allah ki bar ta ta gama. Ki amsa mini da wuri, ko da faɗa ne, zan fi iya ɗauka a kan shiru.

Tela

*

Tela,

Ina gaisuwa, in har ana karɓar gaisuwata a gidan.

Wata ya mutu wani ya kama, ko layi ɗaya ban samu daga gare ki ba. Duk motar kaya da ta tsaya a bakin titinmu sai na bar baho na leƙa, har masu shago sun fara yi mini dariya. Na gane. Na yi magana a kan 'yata, kin yi fushi, kin rufe baki.

Wata mai sayar da yadi da ke zuwa garinku saro kaya ta ga Auta a ƙofar makaranta. Ta ce tana tsaye tana ta susa, rigar nan kamar an kwashe toka da ita. A gaban mutane ta faɗa mini, ina shanya. Ni da garin nan kaf ke kawo wa fararen kaya, 'yata ce ke yawo haka.

Babban yayanta ne zai kawo miki wannan. Ki haɗa mata kayanta su taho tare. Karatu yana da kyau, amma ban haife ta don ta zama abin nuni ba. Na gode da abin da kika yi.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ba zan ce lafiya ba, don ba lafiya ba ce.

Na je kasuwa sayen zare, na dawo na tarar da takardarki a kan keke an danne ta da almakashi. Maigida ya ce yayanta yana sauri kar mota ta tafi, ba su iya jirana ba. Na shiga ɗakinta, katifa a naɗe, ƙusar da take rataye jaka ba komai. Ko sallama ba mu yi ba, Yaya. Kitson da ke kanta ma rabi na yi, na ce in na dawo zan ƙarasa.

Ban yi miki shiru ba. Na rubuta, na ba direba, motarsa ta lalace ta yi ta zama a gareji da takardata a ƙarƙashin kujera. Sai yanzu ya dawo mini da ita yana sosa ƙeya. Ga ta nan na haɗa da wannan, da man inji a jikinta, ki karanta.

Yanzu ki saurare ni da kyau. Ranar ina zaune a baranda ina kuka, tsohuwar da ke gidan jikin namu ta shigo. Tun da muka zo gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ni ce ban sake da kowa ba. Na ba ta labari, ta ce in kawo mata butar shayina. Ta leƙa ciki ta yi dariya har da tari.

Ta ce, "'Yar nan, da ruwan famfon nan kike wa yarinya wanka da sabulun sanda? Ai zartsi ne! Unguwar nan kaf a kan farin dutse take zaune, ruwan da shi yake fitowa."

Na ce, "Mama, ai muna sha, ba abin da ya yi mana."

Ta ce, "Sha daban, wanki daban. Ciki ba ruwansa. Amma sabulu in ya shiga sai ya dunƙule ya zama wannan dattin da kike gani, ya kwanta a zare, ya kwanta a fata da gashi. Kina ƙara sabulu kina ƙara masa abinci."

Yaya, na ji kamar in nutse. Ni da ke tsaye a ƙofar banɗaki ina cewa ta ƙara.

Ta ja ni gidanta. Ga ganguna a jere ƙarƙashin indararo, ruwan sama take tarawa, a rufe, don wanke kai da fararen kaya kawai. In ya ƙare sai ta tafasa na famfo ta bar shi ya huce, farin ya kwanta a ƙasa, ta tsiyaye na sama. Ta ce ba duka yake fita ba amma yana raguwa. Wanki kuwa sai ta fara zuba sodar wanki a baho ta motsa kafin komai ya shiga, kuma garin wanki take amfani da shi, ba sanda ba. Kai in an wanke, a ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa lemun tsami kaɗan. Butata ma ruwan lemun tsami muka zuba muka tafasa, ɓawon ya ɓare ya fito, ga ƙarfe yana ƙyalli. Mai shagon nan da na ci wa mutunci, ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Maigida ya je ya tambayo masu sayar da kayan famfo. Matatar ruwan sha irin ta kan tebur ba ta cire wannan. Akwai wata na'ura da ake haɗawa a bututu, gishiri take ci, ita ke gyara ruwan gida gaba ɗaya, amma gidan haya ne, sai mai gida ya yarda, shi kuma ya ce uwarsa ta tsufa a kan ruwan nan bai ga abin da ya cinye ta ba. Na dai sayi ganga, na sa an gyara mini indararo. Yanzu kullum idona a sama, ina jiran hadari.

Rigarta ɗaya ta manta a igiya. Na wanke ta yadda tsohuwa ta ce, ta yi laushi, farin ya fara dawowa. Ki dawo mini da ita. An kusa rufe rubuta sunayen masu jarrabawa.

Ƙanwarki

*

Tela,

Gaisuwa. Takardunki biyu sun iso, na karanta har da mai man injin. Na yarda ba ki yi shiru ba, direba kuma zai haɗu da ni.

Auta lafiyarta lau. Tun da ta dawo ban shafa mata komai ba sai man da muka saba, susa ta tsaya cak, fata ta kwanta, gashi ya daina zuba. Da wannan sabulun dai da kika ce shi ne abincin datti. To me kike so in ce?

Ruwa ruwa ne, Tela. Na yi wanki da na rijiya, na yi da na rafi, na yi da na famfo, har da na kududdufi na yi lokacin da aka yi mana yankewar ruwa, ban taɓa ganin wanda ya gagari hannuna ba. Zartsi na san shi a baki, ɗan ɗanɗano ne, ba ya rina riga. Tsohuwarku ta ga kina kuka ne ta nema miki abin ɗora wa laifi, Allah ya saka mata, mai tausayi ce. Ni ban ce kin ƙi yarinyar ba. Na ce aikin ya fi ƙarfinki, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Tana taya ni shanya da ninki. Ba ta da yawan magana kwanakin nan, littattafanta na ga tana buɗewa tana rufewa. Za ta saba. Jarrabawa in ba a yi bana ba a yi baɗi.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Auta.

Na gaji da rubutu, ke ma kin gaji da karantawa. Direba zai sauke miki jarka babba. Ruwan famfonmu ne, na tara da safen nan, ban tafasa ba, ban sa komai ba. Ki zaɓi farin ƙyalle mai tsabta, ki ɗauki sabulunki, ki wanke da hannunki yadda kika iya. Ki shanya. Abin da kika gani ki rubuto mini, ko mene ne zan karɓa.

Na je makaranta. Malamarsu ta ce in Auta ba ta zo da kanta ta sa hannu ba kafin ƙarshen makon gobe, sunanta ba zai tafi ba. Baɗi kuma ba su karɓar wanda ya bari a tsakiya. Na roƙe ta har na ji kunyar kaina.

An yi ruwa shekaranjiya, ganga ta cika. Na rufe ta, ban taɓa ba.

Tela

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan, ki gaida mini tsohuwar nan ta jikin gidanku. Ƙugu da sauƙi.

Jarka ta iso. Direba ya sauke ta a gaban masu shago yana shela wai an aiko wa mai wanki ruwa, sai da na nuna masa hanya. Na kai ta bayan ɗaki na ce ba zan taɓa ba. Ta kwana biyu a nan, duk wucewar da zan yi sai na harare ta.

Jiya da hantsi na gama kayan mutane, na ce bari in kashe bakinki. Na ɗauko farin mayafina, wanda ba na barin kowa ya taɓa. Na zuba ruwanki a baho, garau da shi, ya fi namu kyan gani. Na goga sabulu. Tela, sabulun da nake riƙewa tun ina budurwa ya zame a hannuna kamar bai san ni ba. Na goga, na buga, na murza, kumfa ta tashi kaɗan ta mutu. Sai ga farin dattin nan da kika faɗa yana taruwa a gefen baho. Kin san me na yi? Na ƙara sabulu. Ina cikin ƙarawa na tuna takardarki mai man inji, na tsaya da hannu a cikin ruwa. Mayafin ya bushe da yamma, na taɓa shi, ba nawa ba ne. Bayan hannuna har yanzu a bushe yake yana ja. Wanki ɗaya ke nan. Ke kuma wata da watanni kina yi, kina sake yi, ina nan ina aiko miki da sabulu.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Ina tsugune a gaban bahon, Auta ta fito da kofi za ta sha ruwa, ta ga jarkar. Ta tambaya, na ce antinta ce ta aiko. Ta tsiyaya ta sha. Sai ta tsaya da kofin a baki, idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Umma, ruwan gidanmu ne."

A tsakar gidana ta faɗa, a gaban ɗakin da na haife ta. Ruwan da ya cinye mata gashi, ya sa ta susa har jini. Ta shanye kofin tas ta ƙara wani. Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, ba zan ɓoye miki ba, kishi na ji, irin wanda ban san ina da shi ba. Amma yaron da aka wulaƙanta ba ya shan ruwan gidan haka.

Ban tambaye ta ko tana son komawa ba, kafin in wanke hannu ta fito da jakarta. Gobe da sassafe za mu hau motar farko, ni zan kawo ta da kaina, wannan takardar ma wataƙila mu riga ta isowa. Ki shirya ki raka mu makaranta, ni ban san ƙofar ofishinsu ba. In mun dawo ki kai ni wurin tsohuwar, ta nuna mini yawan sodar da take zubawa.

Kar ki yi mini girki mai yawa, kwana ɗaya zan yi. Ita ce mai zama.

Yayarki